Jitar Bes: Masu Tara Ta da Masu Cin Abinci da Ita

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen wani ɗakin taro da dare, alhali ana kiɗan zamani a ciki, ya san akwai wani amo mai kauri da yakan riga sauran isowa kunne. Kafin mutum ya ji muryar mawaƙi ko ƙarar ƙaho, sai ya ji wani gurnani yana ratsa bango, har ya riƙa jin sa a ƙirjinsa. Wannan amo kuwa galibi daga wata jita yake fitowa mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira jitar bes. Kalmar bes daga Turanci aka aro ta, ma'anarta kuwa murya ta ƙasa, watau mai kauri. Mai kaɗa ta yakan tsaya can baya kusa da mai ganga, ba a cika tafa masa ba, ba a kuma cika sanin sunansa ba. Amma da zai ɗauke hannunsa na minti ɗaya, da masu rawa sun tsaya cirko-cirko suna duban juna.

A wannan maƙala za mu duba mutane iri biyu waɗanda rayuwarsu ta ɗauru da wannan jita. Na farko su ne masu tara ta, waɗanda kan sayi goma, ko hamsin, ko ma ɗaruruwa, su jera a bango. Na biyu su ne makaɗan da ke cin abinci da ita a otal-otal da gidajen biki, tun daga birnin Dubai har zuwa Kaduna da Yamai, suna kaɗa waƙoƙin da wasu suka ƙirƙira. Tsakanin waɗannan da waɗancan akwai tambaya guda, wadda ta daɗe tana damun makaɗan Afirka, watau wane ne mai kayan kiɗan?

Asalinta da yadda take aiki

Kafin a ƙirƙiro jitar bes, abin da makaɗan Turai da Amurka ke samun wannan amo da shi wani ƙaton goge ne na katako, wanda tsayinsa ya kai na cikakken mutum, a tsaye kuma ake kaɗa shi. Wahalarsa iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗauka, domin sau da yawa sai an ɗaure shi bisa rufin mota, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. Ta biyu kuwa, da aka fara sa wa jita lantarki, ganguna da ƙahoni kuma suka daɗa ƙarfi, sai muryarsa ta riƙa nutsewa a cikinsu.

Wani mutumin birnin Seattle mai suna Paul Tutmarc ya ƙera jitar bes mai lantarki tun a tsakiyar shekarun 1930, amma ba ta sami kasuwa ba. Sai a shekarar 1951 ne Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fitar da tasa, ya sa mata suna Precision, watau mai daidaito. Dalilin sunan shi ne an gitta mata waɗansu 'yan ƙarafa a wuya, mataki-mataki, yadda duk inda makaɗi ya danna zai sami muryar da yake nema daidai, ba sai ya yi laluben da ake yi a kan wancan ƙaton goge ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fita da ita duniya shi ne Monk Montgomery, wanda ya zagaya ƙasashen Turai da ita a ƙungiyar Lionel Hampton a shekarar 1953. A shekarar 1960 kuma Fender ya ƙaro wata mai siririn wuya, wadda ya kira Jazz Bass. Har yanzu waɗannan biyu su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, sun fi na jitar da aka saba gani kauri da tsawo. Tsawon inda ke motsi a kowace tsirkiya inci 34 ne, watau kimanin santimita 86. Idan aka taɓa wadda ta fi kauri, takan yi kai da kawowa kimanin sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, alhali kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya gaza sau 20. Ke nan muryarta tana dab da iyakar abin da kunne ke iya kamawa, shi ya sa jiki ke taya kunne jin ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu, wanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Motsin tsirkiya bisa maganaɗisun yakan haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki a cikin wayar, shi ne ke bi ta igiya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta miƙa wa lasifika. In babu lantarki, jitar bes ba ta da muryar da za ta tsallake ƙofar ɗaki.

Ga kuma wani abin mamaki ga ma'abota sauraron rediyo. Lasifikar ƙaramar rediyo ba ta iya fitar da amo mai kauri irin wannan, amma duk da haka mai sauraro yakan ji kamar ya ji shi. Dalili kuwa shi ne kowace tsirkiya, bayan muryarta ta asali, tana fitar da waɗansu sirara-siraran muryoyi a bisanta. Su ne rediyon ke kawowa, ƙwaƙwalwa kuma ta cike sauran da kanta.

Aikin wannan murya ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A kiɗan ƙwarya na mata, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, babbar ƙwaryar da ake kifawa bisa ruwa ita ce ke ba da amon ƙasa wanda sauran ke hawa kansa. Masu garaya suna da komo, watau babbar garaya. Can ƙasar Maroko kuma 'yan Ginawa, waɗanda kakanninsu daga kudancin Sahara aka kai su, suna da gimbiri mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, wanda ke yin aikin bes tun Fender bai zo duniya ba.

Masu tarawa

To, me ke sa mutum mai hannu biyu ya tara jita ɗari? Dalili na farko shi ne murya. Kowace ƙira da irin amonta: Precision tana da murya cikakkiya mai nauyi, Jazz Bass ta fi ta kaifi, StingRay kuma, wadda kamfanin Music Man ya fitar a shekarar 1976, tana da batir a cikinta wanda ke ƙara mata tsini. Akwai kuma masu tsirkiya biyar, waɗanda ke sauka ƙasa fiye da masu huɗu, da waɗanda ba su da ƙarafan wuya sam.

Dalili na biyu shi ne shekarar ƙira. A watan Janairu na shekarar 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin CBS a kan dala miliyan 13. Masu tarawa da yawa suna ganin cewa daga baya aikin ya ragu da inganci, saboda haka jitar da aka ƙera kafin wannan ciniki takan ninka ta bayansa kuɗi. Ka ga mai saye yana kwance wuyan jita domin ya duba kwanan watan da aka rubuta a gindinsa, yana gwada lambarta da ta littafi, yana shinshina fenti. Tsohuwar jitar da aka sake wa fenti, ko da ta fi kyaun gani, darajarta takan faɗi ƙwarai, domin abin da ake saye shi ne tsufan. Inda kuɗi ya taru kuwa ba a rasa 'yan damfara, waɗanda kan karce sabuwar jita, su tsufar da ita da gangan.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran tsada, shi ne hannun da ya taɓa riƙe ta. A shekarar 2020 an yi gwanjon wata jitar bes ta Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones a kan dala 384,000, a shekarar 2021 kuma wata ta Paul McCartney, ƙirar Yamaha, ta tasam ma dala rabin miliyan. Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta ƙasar Kanada ya tara fiye da 250, har ya wallafa littafi a kansu a shekarar 2018.

Amma idan aka bi tarihin jitocin da suka fi shahara, sai a tarar ba 'yan ado ba ne tun asali. McCartney ya sayi tasa ta farko, ƙirar Höfner, a birnin Hambug na Jamus a shekarar 1961 a kan kimanin fam 30, don kuwa ba shi da kuɗin sayen Fender. An sace ta daga cikin wata mota a Landan a shekarar 1972, ba a kuma sanar da samunta ba sai a watan Fabrairu na shekarar 2024, bayan shekara hamsin da ɗoriya. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan kamfanin Motown na birnin Detroit, kusan da jita ɗaya ya yi yawancin aikinsa, wata Precision ta shekarar 1962, wadda da ƙyar yake sake mata tsirkiya. Shekaru da dama ana sayar da fayafayan ba tare da sunansa ba. An sace jitar dab da rasuwarsa a shekarar 1983. Darajar da ake biya a wurin gwanjo, ashe, gumin irin waɗannan mutane ne ya haife ta.

Makaɗan aro a Dubai

Yanzu sai mu juya ga rukuni na biyu, waɗanda za mu kira makaɗan aro, watau ƙungiyoyin da sana'arsu ita ce maimaita waƙoƙin da suka riga suka yi suna. Babu inda ya fi dacewa a ga wannan sana'a kamar birnin Dubai, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da kusan tara cikin goma na mazaunanta baƙi ne. Fatakenmu da ke zuwa saro kaya sun san ɓangaren Deira, tsohon gefen kasuwanci na birnin. A nan ne unguwar Abu Hail take, maƙwabciyar Hor Al Anz, unguwa ce ta gidajen zama wadda jirgin ƙasa na cikin gari ya fara tsayawa a tasharta a shekarar 2011. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa otal-otal na Deira, da na Bur Dubai a ƙetaren mashigin ruwa, inda makaɗan aro ke aiki dare bayan dare.

Da yawa daga cikin waɗannan makaɗa mutanen ƙasar Filifin ne, kuma hakan yana da tarihi. Amurka ta mulki ƙasarsu daga shekarar 1898 zuwa 1946, saboda haka suka tashi da Turanci da kiɗan Amurka. Tun a shekarun 1920 da 1930 makaɗansu ke aiki a gidajen rawa na Shanghai da Hong Kong. Daga baya kuma sansanonin sojan Amurka na Clark da Subic Bay, waɗanda aka rufe a shekarun 1991 da 1992, suka zama makarantar koyon waƙar duk da soja ya nema. A yau akwai dillalai a birnin Manila waɗanda ke haɗa ƙungiya, su horar da ita, su tura ta otal a ƙasashen Larabawa ko jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa, bisa yarjejeniyar 'yan watanni. Yawancinsu kwana shida suke aiki a mako, su kuma aika da abin da suka samu gida.

Wanda bai sani ba yakan raina wannan aiki, ya ce ai kwaikwayo ne kurum. Amma a dubi abin da ake bukata daga mai bes a irin wannan ƙungiya. Dole ya haddace waƙoƙi ɗaruruwa. A dare ɗaya za a nemi ya kaɗa rege na Jamaika, inda bes ke tafiya a hankali da nauyi, sa'an nan ya koma kiɗan rawa na Amurka, inda ake marin tsirkiya da babban yatsa, sa'an nan wani baƙo ya aiko da 'yar takarda yana son waƙar Indiya ko ta Larabci. Idan muryar mawaƙiya ta gaji aka sauke waƙa ƙasa, nan take zai sauya wurin yatsunsa, ba tare da an ba shi lokacin gwaji ba. Masu sauraro kuma sun san waƙar ciki da bai, ko ɗan kuskure ya yi sai sun ji. Irin wannan makaɗi shi ma yakan so jita biyu ko uku, mai tsirkiya huɗu da mai biyar, amma shi a wurinsa kamar fartanya da garma ne a wurin manomi.

Wani lokaci kuma sana'ar takan kai mutum inda bai zata ba. Arnel Pineda ya yi shekaru yana rera waƙoƙin wasu a Hong Kong da Manila, har a shekarar 2007 mai jitar ƙungiyar Journey ta Amurka, Neal Schon, ya gan shi a YouTube yana rera waƙoƙinsu, ya kira shi, ya zama mawaƙin ƙungiyar. Su kansu Beatles, a tsakanin shekarun 1960 da 1962, makaɗan aro ne a gidajen rawa na Hambug, suna kaɗa waƙoƙin Amurkawa sa'o'i da yawa kowane dare. A can hannunsu ya faɗa.

Yadda abin ya kasance a Afirka ta Yamma

A nan nahiyarmu ma ta wannan ƙofa kiɗan zamani ya shigo. Ƙungiyar Baobab ta birnin Dakar, wadda aka kafa a shekarar 1970, da kiɗan ƙasar Kyuba ta yi suna, tana gauraya shi da waƙoƙin Wolof da Mandinka. A wannan shekara kuma hukumar jiragen ƙasa ta Mali ta kafa Rail Band domin nishaɗantar da baƙin otal ɗin tashar Bamako, daga cikinta ne Salif Keita da Mory Kanté suka fito. A ƙasar Gini, bayan samun mulkin kai a shekarar 1958, shugaba Sékou Touré ya rushe ƙungiyoyin da ke kaɗa waƙoƙin Turawa, ya kafa na gwamnati, ya saya musu kayan kiɗa, ya umarce su da su koma ga waƙoƙin gargajiya. Bembeya Jazz, wadda aka kafa a garin Beyla a shekarar 1961, ɗiyar wannan tsari ce.

A Legas kuwa, a shekarun 1960, wani mutumin Saliyo mai suna Geraldo Pino ya iso da ƙungiyarsa da manyan amfilifayoyi, yana kaɗa waƙoƙin James Brown, ya kwashe jama'a kaf. Fela Kuti da bakinsa ya faɗi yadda abin ya girgiza shi, ya kuma sa shi neman kiɗan da zai zama nasa. Da James Brown ya zo Nijeriya a watan Disamba na shekarar 1970, mai kaɗa masa bes, Bootsy Collins, saurayi ɗan shekara 19, ya je gidan rawar Fela ya saurara, ya koma yana yabo. Wanda aka fara kwaikwayo, sai ga yaransa sun zo kallo.

A arewacin Nijeriya, unguwar Sabon Gari ta Kano da biranen Kaduna da Jos su ne matattarar makaɗan otal. Jos ta fitar da ƙungiyar Sahara All Stars. A Kaduna kuwa, wanda ya fi kowa ƙoƙarin ɗora waƙar Hausa bisa jita da ƙaho shi ne marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a shekarar 1928, mahaifinsa mutumin Zariya ne. Ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pirameeds a shekarar 1977, shekarar bikin FESTAC, ya kuma yi shiri a talabijin na ƙasa a shekarun 1980. Har yanzu dattawa suna tuna waƙarsa ta Ikon Allah. Ya rasu a shekarar 2003.

A Jamhuriyar Nijar, garin Tawa ya fitar da ƙungiyar Azna de l'Ader, wadda jagoranta Mona ya ɗauko salon jitar Jimi Hendrix ya haɗa da kiɗan ƙasar Adar. A shekarun 1980 gwamnati ta ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, wajen shekarar 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. Sa'adu Bori na Maraɗi yana cikin waɗanda suka yi tashe a wannan zamani. Daga baya ƙungiyar Tal National ta Yamai ta shahara da kaɗe-kaɗe na sa'o'i da yawa a dare, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, faifanta mai suna Kaani kuma ya fita kasuwar duniya a shekarar 2013.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar maimaita waƙar wani a matsayin abin kunya ba, muddin an san mai ita. Ɗan amshi yakan yi shekaru a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki da tasa. Bayan rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a shekarar 1991 da Alhaji Mamman Shata a shekarar 1999, 'ya'yansu da masu koyi da su sun ci gaba da rera waƙoƙinsu a wuraren biki. Abin da ya rage shi ne a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. A ƙasashe da yawa gidan da ake kiɗan ne ke biyan kuɗi ga ƙungiyar da ke karɓa a madadin masu waƙa. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a shekarar 2023, Nijar kuma tana da ofishinta na kare haƙƙin masu fasaha.

Zanen aro

Sai dai kuma akwai aron da ya fi na waƙa ciwo, shi ne aron kayan kiɗa. A yawancin biranen Afirka, a shekarun 1960 zuwa 1980, jita da amfilifaya da ganguna ba na makaɗa ba ne. Na mai otal ne, ko na gwamnati, ko na wani attajiri. A birnin Kinshasa, alal misali, Verckys Kiamuangana ya yi ƙarfi ne ta hanyar ba matasan ƙungiyoyi kayan kiɗa, su kuma su yi masa fayafayi. Makaɗin da ya saɓa da mai kaya, ranar nan zai fita hannu rabbana, ko da kuwa shi ne gwanin garin. Ba ya iya gwaji a gida, ba ya iya karɓar gayyatar biki don kansa, ba ya kuma iya cewa a ƙara masa albashi da ƙarfin murya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Shi ya sa tarihin gwanaye da yawa ke farawa da jitar da yaro ya ƙera da hannunsa. Aston Barrett, mai bes na ƙungiyar Bob Marley, wanda ya rasu a shekarar 2024, da falankin katako ya haɗa tasa ta farko. Richard Bona na Kamaru, wanda aka haifa a shekarar 1967, da wayar birkin keke ya yi tsirkiya, kafin ya sami aiki a wani gidan rawa a Duwala, inda ya ji faifan Jaco Pastorius ya koma wa bes ɗungurungum. Mdou Moctar na Nijar shi ma da wayar birkin keke ya fara.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare, sai abin ya daɗa tsanani. A Gana, dokar hana yawon dare ta farkon shekarun 1980 da haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa sun durƙusar da ƙungiyoyi da yawa, makaɗa suka koma coci-coci. A Nijeriya, faɗuwar darajar naira tun daga shekarar 1986 ta sa kayan da ake shigowa da su suka fi ƙarfin talaka. Ana cikin haka sai ga fiyano, ƙirar Yamaha da makamantanta, wadda mutum ɗaya zai zauna gabanta ya fitar da ganga da sarewa da bes gaba ɗaya. A ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a shekarar 1999, ita ce ta zama uwar kiɗan finafinan Hausa. Ta sauƙaƙa aiki, ta buɗe wa matasa da yawa hanyar abinci, amma ta ɗauke gurbin mutum biyar ko shida, mai bes kuwa yana cikin na farko da aka sallama. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙungiya mai rai ya san bambancin, domin mai bes yana duban ƙafafun masu rawa, ya ja kiɗan ko ya sassauta shi gwargwadon abin da ya gani.

Kula da jita a ƙasar zafi

Ko mutum ɗaya yake da ita ko ɗari, jita katako ce, katako kuma yana shan iska. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana, abin da ke hana shi lanƙwashewa kuwa wani sandan ƙarfe ne da aka binne a ciki, wanda ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli, kaɗan-kaɗan. Masu ƙira sun fi son a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. A Dubai, lokacin bazara zafi yakan haura digiri 40, ga laimar teku mai gishiri da ke sa ƙarfe tsatsa, ɗakuna kuma ga na'urar sanyaya iska da ke busar da kome. Fita da jita daga wannan zuwa wancan kullum yana wahalar da ita. A Kano da Maraɗi kuwa hunturu ne abokin gaba: katakon wuya yakan tsuke, har bakin ƙarafan ya fito yana yankar yatsa, da damina kuma ya kumbura. Maganin shi ne a ajiye ta cikin akwatinta, kada a bar ta cikin mota a rana, a kuma goge tsirkiyoyi da ƙyalle bayan kowane kiɗa.

Mai niyyar ƙetare iyaka da tsohuwar jita kuma ya binciki irin katakonta. Tun shekarar 1992 yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi ta hana cinikin wani jan katako na ƙasar Barazil, wanda aka yi fuskar wuyan tsofaffin jitoci da yawa da shi, saboda haka sai da takardar izini ake fita da su.

Ba za a ce masu tarawa ba su da amfani ba. Su ne ke adana tarihi, su gyara abin da ya lalace, su rubuta abin da da ya ɓace. Amma jitar da ta shekara goma a bango ba ta koya wa kowa kome ba. A Kano, da Zariya, da Damagaram, akwai samari masu kunne da hannu waɗanda ba su taɓa riƙe jitar bes ta gaske ba. Makarantu, da cibiyoyin al'adu na jihohi, da attajiran da ke kashe kuɗi wajen biki, za su iya sayen kaya kaɗan su ajiye inda matasa za su koya. Shi kuma saurayin da ya fara samun 'yan kuɗi a wannan sana'a, shawarar da tsofaffin makaɗa kan bayar ita ce ya fara mallakar tasa, ko da ta hannu ce, ko da fentinta ya kankare. Ranar da ya saɓa da mai otal, sai ya rataya abarsa a kafaɗa ya nemi wani wurin.